Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, daga wata tela a Kano

Assalamu alaikum Mai girma Minista, ranka ya daɗe.

Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya haƙuri da jama'a, Allah Ya taya ka riƙo.

Ni tela ce a cikin garin Kano, ɗinkin mata nake yi, bana shekarata 22 a kan keke, tun ina yi a tsakar gidanmu da keken ƙafa har Allah Ya hore min ɗan shago da yara huɗu masu koyo. Ban yi karatun likita ba, sakandare na gama aka yi min aure, wannan wasiƙar ma a waya nake latsa ta da daddare bayan na sallami yara, don haka in ka ga magana ta karkace ko na yi tsalle daga nan zuwa can ka yi haƙuri, haka nake magana ko a gida.

Littafin awo ne ya sa na rubuto maka. Kowane tela yana da shi, ni kuma Allah Ya yi ni da adana, tun na farko ban taɓa yar da ko ɗaya ba. Rannan ana ruwa, ba wuta ba kwastoma, sai na zauna ina buɗa tsofaffin don nishaɗi kawai, wallahi ban kai ƙarshen na biyu ba jikina ya yi sanyi. Matan da na fara aunawa suna amare, ƙugu inci 28, inci 29, yau su ɗin dai nake aunawa 42, 44, akwai mai 48. Yadi biyar da yake isarsu riga da zani da ɗankwali har a rage na ɗiya, yanzu sai mun yi dabara. Wasu sunayen kuma na daina auna su gaba ɗaya kuma ba tela suka canza ba ranka ya daɗe, rasuwa suka yi, wasu ko 50 ba su kai ba, in ka tambayi dangi labarin kusan iri ɗaya ne, ai suga ne, ai jininta ne ya hau ta faɗi a banɗaki, ai ɓarin jiki ne ya shanye, ai ƙoda ce. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, balle ni da nake da tef a wuya.

Kuma kada ka ɗauka wata siririya ce take zagin masu jiki. Ni kaina kilo 98 nake, tsawona inci 63, ƙuguna 43, shekara 6 kenan ina shan maganin suga safe da yamma. Da bakin mai ciwo nake magana.

Na san abin da za a fara ce min, haba baiwar Allah, ana fama da yunwa a ƙasar nan ke kina zancen ƙiba? Na yarda akwai yunwa, ina ganinta a unguwarmu kullum. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 kashi 37 cikin 100 sun tsumbure, a nan arewa maso yamma ma abin ya haura rabi. Amma ai wannan binciken dai shi ne ya ce mata masu shekara 15 zuwa 49 kashi 28 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima, wato fiye da mace ɗaya cikin huɗu. Takarda ɗaya ce, sai muka karanta shafi ɗaya muka rufe. Ni kuwa a gida ɗaya nake ganin abin biyu, uwa ta zo awo da ƙyar take numfashi don teɓa, ga yaronta a goye siriri kamar tsinke gashi ya yi ja, kuma tukunya ɗaya suke ci. Don abin da talaka yake iya saya ya cika ciki shi ne garau-garau da mai da yaji, taliya, gurasa, ɗanwake ya sha mai, awara an soya ta a man da ya kwana uku a kasko, burodi da shayi suga cokali huɗu. Ƙwai da kifi da kayan marmari sun zama na ranar albashi. Uwar tana kumbura yaron yana ƙanjamewa, duk rashin abinci mai kyau ne, kuma likitar da take dubani ta ce yaron da ya tashi a tsumbure shi ma in ya girma ya samu abinci irin wannan ƙiba da suga suna saurin kama shi. Kenan ko don yaran da kuke rabawa abincin tamowa ya kamata a saurari zancen nan.

Amma babbar matsalar a bakinmu take, mu Hausawa. Mu ne in amarya ta zo ganin gida bayan wata uku muke tarbarta da guɗa, masha Allah aure ya karɓe ki, kin yi ɓul-ɓul, kin ciko, lallai ango yana kiwo. In kuwa ta dawo yadda ta tafi sai a ja ta ɗaki, ke lafiya? ba ya ba ki abinci ne? ko dangin miji ne? Namiji in ya ajiye tumbi ya zama Alhaji ko bai je ba, a kasuwa ma shi ake fara ba kujera. Kuma ka tuna shekarun da cutar nan ta shigo, sunan da muka raɗa mata ma ƙanjamau, daga rama aka samo shi, a lokacin duk wanda ya zube sai a fara nuna shi da baki, to wannan tsoron bai gama fita daga zukatan mutane ba har yau. Na san matar da likita ya ce ta rage nauyi, ta dage ta rage kilo 7, gwiwarta ta yi sauƙi har ta koma sallah a tsaye, amma surutun ƴan uwa ya hana ta sakat, kowa ya gan ta sai ya ce wance me yake damun ki, uwar mijinta har rubutu ta aiko mata, ƙarshe ta watsar ta koma gidan jiya don a bar ta ta huta.

Abin haushin kuma, mu ɗin da muka yi ta zuga mace ta yi ƙiba, ranar da ƙibar ta wuce inda muke so mu ne masu dariya. Lukuta, buhu, tulu, uwar mata. Mai adaidaita ya gan ki ya wuce ko ya ce Hajiya kuɗin mutum biyu za ki biya fa, a gaban mutane. A gidan biki a ba ki kujerar roba kowa ya zuba ido yana jira ta karye. Mijin da yake alfahari da ke jiya shi ne yau zai ce kin zama katifa, ya fara zancen ƙaro siririya. Budurwa mai jiki kuwa tana shekara 19 a ce ta yi kama da mai ƴaƴa uku, samari su yi ta zillewa, na ga yarinyar da ta zo fitin ɗin anko ta shiga bayan labule ta yi ta kuka don ƙawayenta sun ce ita a baya za ta tsaya a hoto. Ta daina zuwa islamiyya ma saboda tsokana. Ba wanda yake lissafa irin wannan a cikin cuta amma cuta ce.

Yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ce macen da duk dangi ake misali da ita, fara, doguwa, ga jiki, in ta sa leshi ta yafa mayafi sai ka ce matar sarki. Shekara da shekaru tana yawan fitsarin dare, tana shan ruwa kamar raƙumi, ƙafa tana yi mata zugi da dare kamar ana tsira allura, muka ce sanyi ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe, wani ya ce sammu. Ba wanda ya taɓa cewa a gwada suga, don a tunaninmu mai ciwo ramewa yake yi, ita kuwa ga ta tuɓus. Sai da ta taka ƙusa a tsakar gida ba ta ma ji ba, ciwon ya ƙi warkewa ya fara wari, sannan aka je asibiti. Yatsa aka fara cirewa, bayan wata biyar aka yanke daga ƙasan gwiwa. Daga nan ƙoda ta taɓu aka shiga wankin ƙoda, filin gadonmu ya tafi, sarƙarta ta tafi, keken ɗinkina na zamani ɗaya ya tafi, ita ma ta tafi tana da shekara 52, Allah Ya jiƙanta Ya sa ciwon ya zama kaffara. Ni na ɗinke mata zannuwanta na ƙarshe, ina rage musu tsawo ta ɓangare ɗaya don kada su riƙa shiga tayar keken guragu. Mun yarda da ƙaddara ranka ya daɗe, kwana in ya ƙare ya ƙare, amma digon jini ɗaya a yatsa shekara goma kafin nan da ya gaya mana abin da yake faruwa.

Bayan rasuwarta ne tsoro ya kai ni gwaji aka ce ni ma ina da shi. Tun daga nan na zama ƴar tambaya, duk likitan da na samu sai na ishe shi. A nan na gane kitsen ciki ya fi kowanne haɗari, shi ne yake naɗe hanji da hanta ya hana jiki jin sinadarin insulin har suga ya taru a jini, shi yake tura hawan jini, ya kawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Na gane minsharin da muke yi wa dariya, wanda mutum zai yi kamar numfashinsa ya ɗauke sannan ya zabura, shi ma ciwo ne. Ciwon gwiwar da ya sa yanzu in ka shiga sahun mata a masallacin idi ko tarawihi kujeru sun yi yawa, matan da ba su tsufa ba suna sallah a zaune, nauyi ne yake cinye gurunguntsi. Mace ta tara kuɗi shekara goma ta je Makka, ɗawafi da Safa da Marwa sai an tura ta a keke ta biya. Ga rikicewar al'ada da jinkirin haihuwa, a yi ta zargin kishiya da aljanu alhali wani lokacin rage kilo kaɗan ne maganin. In cikin ya samu kuma ga sugan masu ciki, ga hawan jinin da yake kai wa ga jijjiga, ga ɗa ya yi girma a ƙare a tiyata. Har kansar mama bayan ɗaukewar al'ada da ta mahaifa an ce ƙiba tana ƙara haɗarinsu. Kai da kullum kake maganar rage mutuwar mata wajen haihuwa, to ga wata ƙofa nan da take buɗe.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci min rai, wanda in ba ka karanta komai ba dan Allah ka karanta wannan. Sha ka fashe. Na tabbata ka san sunan. Ƙwayoyin da ƴan mata suke sha don su yi ƙiba kafin biki, yawanci deksametazon ne, wanda suke ce wa deksa, a haɗa da sifroheftadin mai buɗe ciki da sa barci, wani a kwalba kamar maganin tari, wani kuma an niƙa an zuba a cikin tsumi ko gumba ko wani haɗi an ce na gargajiya ne na gyaran amarya, ana tallarsa a TikTok da sitatus ɗin WhatsApp da hoton kafin da bayan. Mu teloli mu muke fara gani. Zan auna amarya wata biyu kafin biki, in yanka leshi mai tsada, ta dawo fitin zif ya ƙi rufuwa, fuska ta yi zagaye tana ƙyalli kamar faranti, bayan wuya ya yi tudu, ciki ya fito, amma hannu da ƙafa suna nan sirara, ga nankarwa ja ta fashe a damtse da cinya. Uwarta tana gefe tana murna wai gyara ya karɓe ta. Wannan ai kumburi ne. Deksa magani ne na gaske mai ƙarfi, likitoci suna ba masu asma da wasu manyan cututtuka na ɗan lokaci da lissafi, amma mai shan sa wata da watanni haka kawai yana jawo wa kansa suga da hawan jini da gyambon ciki, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi, kuma masifar ita ce in jiki ya saba ba a yanke shi rana ɗaya, mutum zai iya faɗuwa, sai likita ya riƙa ragewa a hankali. Yaran nan ba su san wannan ba. Akwai wadda na yi wa ɗinkin aure tana shekara 21, kafin ta yi haihuwar fari an ɗora ta kan maganin suga.

Kuma maganin nan a ƙa'ida sai da takardar likita, amma ka aiki yaro ɗan shekara 10 kemis ɗin lungu da canji a hannu zai dawo maka da shi, masu tallan magani a baro da faranti ma suna da shi. NAFDAC a ƙarƙashin ma'aikatarka take, hukumar da take ba masu kemis lasisi ma haka. A 2018 da aka ga abin da kodin yake yi wa matasa ai gwamnatin tarayya ta tashi tsaye ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi. A nan Kano an tashi dillalan magani daga Sabon Gari an mayar da su Dangwauro don a san abin da yake shiga da fita. To tunda an iya waɗannan, me ya hana a bi sawun deksa, a san wa ya sara katan nawa ya kai wa wa? Ban ce a hana shi gaba ɗaya ba don akwai masu buƙatarsa da gaske, a dai mayar da shi bayan kanta sai da takarda. Masu haɗa shi a cikin kayan gyara kuwa a ɗebo haɗin nasu a kai ɗakin gwaji, wanda aka samu a faɗi sunan kayan a rediyo kowa ya ji. Haka ɗaya ɓangaren, masu shayin rage tumbi da yake sa mace ta kwana tana zawo ta ɗauka kitse ne yake fita. Kasuwa ɗaya ce, wata mai sayarwar ma duka biyun take sayarwa, ta kumbura ki kafin aure ta sace ki bayan haihuwa.

Sai lemo. Kwalbar roba ɗin nan ta 50cl ta baƙin lemo tana ɗauke da suga wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12 kenan, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini guda gaba ɗaya, har ta ce in an tsaya a cokali 6 ya fi. Mu kuwa baƙo in ya zo ba ka kawo lemo ba ka yi rowa, ruwa ba ya cikin lissafi, gidan suna lemo, gidan biki lemo, har zaman makoki. Da azumi a buɗe baki da shi. Kuma don Allah kada mu ɗora wa kamfani laifin duka, zoɓo da kunun aya da lamurje da muke ƙullawa a gida mu sa a firiji, ni na san yawan sugan da ake zubawa don na sayar a da, in bai yi zaƙi raɗau ba yara ba sa saye. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo, aka fara karɓa a 2022. Naira 5 kenan a kwalba, yau naira 5 ko almajiri ka ba sai ya kalle ka. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi harajin sai ya ɗaga farashi da kamar kashi 20 cikin 100 kafin mutane su rage sha. Meziko ta sa nata tun 2014, Afirka ta Kudu da Birtaniya a 2018, a Birtaniya ma da yake gwargwadon sugan da ke ciki ake cajin harajin sai kamfanonin da kansu suka rage sugan don su tsira. Wannan dabarar ta fi burge ni, gaskiya ni ba mai son a ƙara wa talaka haraji ba ce a wannan halin da ake ciki, in ma za a ƙara to a ɗaure kuɗin da igiya a ce na lafiya ne, don dokar 2021 ɗin ba ta ware shi don asibiti ba, cikin babban asusu yake faɗawa. A ce kuɗin lemo shi zai sayi tsinken gwajin suga da magungunan suga irin su metformin da insulin, wallahi ni zan fara kare harajin a shagona. A ƙasar Chile tun 2016 duk abin da suga ko gishiri ko mai ya yi masa yawa sai an buga masa baƙin tambari a gaban leda, ko wanda bai yi boko ba ya gani ya gane. Mu namu rubutun a baya yake da ƙananan baƙaƙe da Turanci, ni da tabarau ma ban iya karantawa.

In aka ce mu motsa jiki kuma sai in yi dariya. Iyayenmu ba su san wani atisaye ba, surfe da daka da niƙa a dutse da jan ruwa a rijiya da tafiya unguwa a ƙasa su ne atisayensu, ga tuwon dawa da na gero da miyar kuka da kuɓewa da kwaɗon zogale da rama. Yanzu inji ya karɓi turmi, ƴan garuwa sun karɓi guga, adaidaita har ƙofar gida, zogale kuma ya zama abincin ƙauye sai ciwo ya kama mutum yake nemansa. Ban ce a koma daka ba, na yi na san wuyarsa. Amma an ce minti 150 a sati na tafiya mai ɗan sauri, to ina mace za ta yi ta a Kano? Maza suna da ƙwallo, suna hawa Dala da Goron Dutse da safe, suna zagaya filin sukuwa. Ni ranar da na gwada fita bayan asuba da hijabina da takalmin kambas, kafin in kai titi mutum uku sun tambaye ni lafiya, wani ya tsaya da mota wai ko asibiti za ni ya rage min hanya, washegari magana ta kai kunnen maigidan. Gefen titin ma babu wajen tafiya, ƴan tireda da masu faci sun cinye. Makarantar da yarana suke zuwa gida ne aka mayar makaranta, babu filin da za a yi ko langa, a tashi tara yaro ya sayi biskit da lemo ya koma ya zauna. Yunifom ɗin ƴan firamare da nake ɗinkawa yanzu akwai wanda awonsa ya kai na babbar mace. Na san makarantu da tituna ba a hannunka suke ba, amma kai kake zama da kwamishinonin lafiya na jihohi duka a majalisar lafiya ta ƙasa, kana iya ce musu kowace unguwa a buɗe filin makarantar ƴan mata ta gwamnati awa ɗaya da safe ko bayan la'asar, mata zalla, mai gadi mace a ƙofa. Ko sisi ba za a kashe ba, kuma mazan ba za su samu abin cewa ba.

Asibiti ma akwai gyara. Na taɓa zuwa wani, ba zan faɗi suna ba, ma'aikaciyar ta ɗora ni a sikeli ta kwaɗa kilo ɗina da ƙarfi kowa yana ji ta ce Hajiya ki ji tsoron Allah ki rage ci, aka yi dariya, shikenan bayanin da na samu kenan. Abin awon jinin ma bai zagaye damtsena ba sai da ta riƙe da hannu, daga baya wani likita ya ce min ƙaramin maɗauri a babban hannu yana ba da lambar da ta fi ta gaskiya. Na yi shekara ban koma ba don kunya. Da yawa masu jiki haka suke gudun asibiti sai abu ya lalace. A koya wa ma'aikata yadda ake magana, kuma a ba su abin da za su faɗa na abincinmu, malmala nawa, shinkafa ludayi nawa, mai cokali nawa, Maggi nawa, ba a miƙo min takarda mai hoton abincin Turawa da ban san inda ake sayarwa ba.

Ga kuma ɗan abin da ni zan iya bayarwa daga sana'ata. Likitoci suna da lissafinsu na BMI, wato gwada nauyin mutum da tsawonsa, 25 an fara wuce kima, 30 ƙiba ta zama ciwo, nawa 38 ne, amma wa zai tsaya raba kilo da tsawo a ƙauye? Akwai mai sauƙi da na koya, ƙugunka kada ya kai rabin tsawonka. Ka samu zare ko igiya ka auna daga kai zuwa ƙafa ka yanke, ka ninka biyu, ka zagaya ciki da shi sama da cibiya kaɗan, in bakin ya haɗu da sauƙi alhamdulillah, in ya ƙi haɗuwa to a je a gwada suga da jini. Ni rabin tsawona inci 31 da rabi ne, ka ga inda 43 take. Yanzu duk kwastomar da na ga awonta ya haura inci 35 nakan ja ta gefe in gaya mata a hankali, wasu su ji haushi, wata ma ta ɗauke ɗinkinta, amma mutum 4 sun dawo sun ce sun gwada an samu. Ka duba yawan teloli a ƙasar nan ranka ya daɗe, babu lungun da babu mu, kuma babu macen da ba ta tsayawa a gaban tef ɗinmu sau biyu a shekara ko don sallah. Muna da ƙungiyoyi, a kira mu a koya mana na yini ɗaya, a ba mu ƴar takarda da Hausa da ajami mu manna a bango, sannan a tabbatar in mun tura mace asibitin unguwa za ta tarar da na'urar gwajin da tsinkenta, kada ta je a ce ya ƙare. Gwajin suga da hawan jini da aka yi na sati ɗaya a ƙarshen 2024 da aka ce ana son auna mutum miliyan 10 abu ne mai kyau, amma suga ba ya jiran sati na musamman.

Kai ne fa wanda lokacin da kake shugabancin hukumar lafiya matakin farko daga 2008 ka bi sarakuna har fada kan rigakafin shan inna a lokacin da mutane suke rufe ƙofa suna ɓoye yara, aka yi ta fama har a 2020 aka ce cutar ta bar Najeriya. Ka san yadda ake canza tunanin mutanenmu, kuma kai ɗan Misau ne, duk kalaman nan na aure ya karɓe ki ka ji su da kunnenka ba sai an fassara maka ba. A koma wa sarakunan nan da malamai. Hadisin kasa ciki uku, ɗaya abinci ɗaya ruwa ɗaya numfashi, ɗan islamiyya ma ya haddace shi, amma ban taɓa jin an haɗa shi da ciwon suga a huɗubar Juma'a ko a tafsirin azumi ba, lokacin da ake soye-soye kamar ba gobe. Ka shiga rediyo da kanka ka yi magana da Hausa, ka ce wa iyaye mata amaryar da ta dawo gida yadda ta tafi lafiyarta ƙalau, ka ce wa maza tumbi ba shaidar arziki ba ne. In minista likita ya faɗa ya fi a ce tela ce ta faɗa.

Dare ya yi, gobe ina da fitin ɗin wata amarya da za a ɗaura wa aure sati uku masu zuwa. Da na auna ta wancan watan ƙugunta 27 ne, yarinya kyakkyawa son kowa, amma ina jin gwaggonta tana ce mata a haka za ki shiga gidan miji kamar sanda, ai akwai abin da zan karɓo miki. Na yi magana aka ce Hajiya ke dai yi ɗinkinki. Na yi shiru, amma na bar inci uku a cikin kowane ɗinki don na san abin da zan tarar.

Na gode da haƙurin karantawa, a gaida iyali, Allah Ya ƙara lafiya.

Taka,
wata tela daga cikin birnin Kano